Wane ne Admiral Rawson, kuma me ya haɗa shi da kayan tarihin Benin?

A watan Yunin 2025 ƙasar Holan ta miƙa wa Najeriya kayan tarihin Benin guda 119 a Legas. Kafin nan, a 2022, Jamus ta sa hannu kan mayar da mallakar fiye da 1,100. Duk sanda irin wannan labari ya fito, magana ɗaya ake maimaitawa: kayan da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Daga nan sai a wuce. To waɗanne sojoji ne? Wa ya ja su, wa ya aike shi, kuma me ya same shi daga baya?

Na sha jin masu cewa Gwamna Lugga ne ya yi aikin, wasu kuma suna zaton Jamhuriyar Benin ake nufi, maƙwabciyarmu mai birnin Kwatano. Duka biyun kuskure ne. Benin ɗin da ake magana a kai birnin Oba ne da ke jihar Edo ta yau, ita kuwa Jamhuriyar Benin sunanta Dahomey har zuwa 1975. Lugga a lokacin yana can kudancin Afirka yana wata harka dabam. Wanda ya ja rundunar hafsan sojan ruwa ne mai suna Harry Holdsworth Rawson. Sanin rayuwarsa na da amfani, domin tana nuna cewa abin da aka yi wa Benin aikin hukuma ne, an tsara shi a ofis, an sa masa hannu, an kuma saka wa wanda ya yi shi da lambar girma.

Mene ne Admiral, kuma me ya kai shi cire sarakuna?

Kalmar kanta daga Larabci Turawa suka aro ta, daga "amir". A sojan ruwa, Admiral daidai yake da Janar na sojan ƙasa. Ƙasa da shi akwai Bayis Admiral, kwatankwacin Laftanar Janar, sai Riya Admiral, kwatankwacin Manjo Janar. Har gobe da waɗannan muƙamai sojan ruwan Najeriya ke aiki.

A ƙarni na 19 Birtaniya ta yanka tekunan duniya shiyya-shiyya, kowace da Admiral ɗinta da jiragensa. Shiyyar da ta ƙunshi gaɓar Afirka ta Yamma hedikwatarta na Simon's Town, kusa da Cape Town. Yadda abin ke tafiya shi ne, 'yan kasuwar Turawa su kai wa ƙaramin jakadansu kukan cewa sarki kaza ya toshe musu hanyar ciniki. Shi ya rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Waje a Landan. In ta amince, sai a buga wa Admiral waya ya kawo jirage da igwa.

Haka aka yi wa Legas a ƙarshen 1851, lokacin da jiragen Henry Bruce suka yi wa garin ruwan wuta, aka kori Sarki Kosoko aka mayar da Akitoye kan gado. Jaja na Opobo gaban wani Admiral aka gurfanar da shi a Akara a 1887 kafin a kai shi gudun hijira. Nana Olomu na Itsekiri a 1894 da mutanen Nembe a 1895 duk Admiral Frederick Bedford ne ya auka musu. Mu a Arewa ba mu san waɗannan sunaye sosai ba saboda ta tudu Turawa suka shigo mana. Mutanen bakin ruwa kuwa, jirgin yaƙi ne fuskar mulkin mallaka da suka fara gani.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Wannan rundunar ce dai tun daga 1808 take tare jiragen masu fataucin bayi a Tekun Atlantika, ta kuɓutar da mutane kimanin 150,000. Samuel Ajayi Crowther yana yaro aka ciro shi daga irin wannan jirgi a 1822. Shi ya sa hafsoshi irin su Rawson suka taso da yaƙinin cewa duk inda igwarsu ta yi ƙara, alheri suka kai. Wannan yaƙini ne ya sauƙaƙa musu abubuwa masu muni ƙwarai.

Yaro ɗan shekara 13 a jirgin yaƙi

An haifi Rawson ranar 5 ga Nuwamba 1843 a Walton, gefen Liverpool. Ya shiga sojan ruwa a 1857 yana da shekara 13, wanda a wancan zamani ba abin mamaki ba ne ga mai son zama hafsa. Yaƙinsa na farko shi ne wanda Birtaniya da Faransa suka yi da ƙasar Sin, wanda ake kira Yaƙin Ofiyom na Biyu. A wannan yaƙi ne, a 1860, sojojin ƙasashen biyu suka wawashe fadar shaƙatawar sarkin Sin da ke wajen Beijing, sannan Ingilishi suka banka mata wuta. Na ambaci wannan ne don a san irin makarantar da yaron ya yi wayo a cikinta.

A 1878, da Daular Usmaniyya ta bar wa Birtaniya riƙon tsibirin Ƙubrus, Rawson ne ya ɗaga tutar Ingila a Nikosiya. A 1882, lokacin da aka murƙushe boren hafsan sojan Masar Ahmad Urabi aka mamaye ƙasar, shi ne babban jami'in jigila, wato mai kula da kai sojoji, dawaki, abinci da harsasai daga jirgi zuwa tudu. A riƙe wannan, domin shi ne gwanintarsa ta ainihi, kuma ita ta yi masa aiki a Benin bayan shekara 15. Ya zama Riya Admiral a 1892, aka ba shi shiyyar Afirka a 1895.

Zanzibar: safiyar 27 ga Agusta 1896

Yawancin mutane sun san labarin nan a matsayin tambayar kacici-kacici: wane yaƙi ne ya fi kowane gajarta a tarihi? Kaɗan ne suka san cewa mutumin da ya ci Benin shi ne ya yi shi.

Zanzibar masarautar Musulmi ce, sarakunanta 'yan asalin Oman, kuma tun 1890 tana ƙarƙashin kariyar Birtaniya. Ranar 25 ga Agusta Sultan Hamad bin Thuwaini ya rasu kwatsam. Ɗan'uwansa Khalid bin Barghash ya shiga fada ya hau gado ba tare da izinin Turawa ba, su kuwa Hamud bin Muhammad suke so. Khalid ya tara mutane kimanin 2,800, yawancinsu dogarai, barori da mutanen gari. Washegari Rawson ya iso a jirginsa St George, aka ba Khalid wa'adi: ya sauke tuta ya fita kafin ƙarfe 9 na safiyar 27 ga wata.

Fadar tana bakin ruwa ne, kuma mafi yawanta katako. Jiragen suna tsaye dab da ita. Ƙarfe 9 da minti 2 aka buɗe wuta. Kafin minti 40 su cika fada ta rushe tana ci da wuta, jirgin Sultan mai suna Glasgow ya nutse har sai dogayen sandunansa kawai ake hange a saman ruwa. Mutanen Zanzibar kimanin 500 suka mutu ko suka jikkata. A ɓangaren Birtaniya mutum ɗaya ne ya ji rauni. Khalid ya fake a ofishin jakadancin Jamus, kafin rana ta faɗi an naɗa Hamud. Daga baya aka sa magoya bayan Khalid biyan kuɗin harsasan da aka harbe su da su. Masu kare Birtaniya sukan ce ai sabon Sultan ne ya sa hannu a 1897 kan dokar da ta soke matsayin bauta a shari'ar tsibirin, kuma gaskiya ne. Amma abin da ya jawo igwa a wannan safiya shi ne wa ke da ikon naɗa sarki.

Abin da ya faru a Ugbine

A 1892 wani ƙaramin jakada, Henry Gallwey, ya je Benin ya dawo da takardar yarjejeniya da ta ce Oba Ovonramwen ya yarda da kariyar Sarauniya, ya kuma buɗe ciniki ga kowa. Oba bai daina karɓar harajinsa ba, kuma in dillalan Itsekiri suka ƙi biya sai ya rufe kasuwannin manja. Kamfanonin Turawa suka yi ta ƙorafi.

A Nuwamba 1896 James Phillips, mai riƙon muƙamin babban jami'in yankin gaɓar Neja, ya rubuta wa Landan yana neman izinin zuwa ya tuɓe Oba. A cikin wasiƙar ya ce yana sa ran hauren giwar da za a samu a gidan sarki zai biya kuɗin aikin. Wannan wasiƙa tana da muhimmanci, don an rubuta ta tun kafin a zub da jinin Bature ko ɗaya.

Phillips bai jira amsa ba. Ya tashi da Turawa takwas da 'yan dako kimanin 250, ya aika wa Oba cewa ziyarar lumana ce. Oba ya aiko cewa a dakata, yana cikin lokacin ibadar gargajiya da ba ya ganin baƙo. Phillips ya ƙi tsayawa. Ranar 4 ga Janairu 1897, a kusa da ƙauyen Ugbine, mayaƙan Benin ƙarƙashin wani hakimin Oba mai suna Ologbosere suka yi musu kwanton ɓauna. Turawa bakwai suka mutu, biyu suka tsira, Alan Boisragon da Ralph Locke. 'Yan dako da yawa aka kashe ko aka kama, amma jaridun Landan Turawan bakwai suka riƙa ƙirgawa.

Masana tarihi sun saɓa kan abin da Phillips ke nufi da wannan tafiya. Wasu na ganin ganganci ne kawai, wasu na ganin tsokana ce da gangan don a samu hujja. Abin da ya fito a shari'ar da Turawan da kansu suka yi a Satumba 1897 shi ne, Oba bai so a kai harin ba, wasu hakimansa ne suka yi gaban kansu.

Kwana 45

Daga ranar harin Ugbine zuwa ranar da birnin Benin ya faɗi, kwana 45 ne kacal. A nan gwanintar jigilar Rawson ta bayyana. Ya tattaro mutum kimanin 1,200 daga Cape, daga Bahar Rum, da Ingila kanta, ya haɗa da jirgin asibiti da ɗimbin 'yan dako. Ya raba rundunar uku: ɗaya ta nufi Ughoton, ɗaya Sapoba, don raba hankalin mayaƙan Oba, shi kuma ya bi ta Ologbo da babbar runduna.

Hanyar siririya ce cikin dajin da rana ba ta ratsawa sosai, mutum ɗaya-ɗaya ake tafiya. Ba sa ganin masu harbinsu, don haka suka riƙa tsayawa lokaci-lokaci suna feshin wuta cikin kurmi dama da hagu da bindiga mai jigida ƙirar Maxim. Ƙishirwa ta kusa karya su, har aka rage yawan masu ci gaba don ruwa ya isa. Mayaƙan Benin sun yi turjiya sosai, musamman a Ughoton, da bindigogin toka da tsofaffin igwoyi. Ranar 18 ga Fabrairu aka shiga birni, Oba ya riga ya fice.

Turawan sun tarar da gawarwakin mutanen da aka yi tsafi da su, a hanya da kan bishiyoyi da cikin ramuka. Wannan ba ƙage ba ne, kuma bai kamata mai son Benin ya ɓoye shi ba. Jami'in leƙen asirin Rawson, Reginald Bacon, ya rubuta littafi a shekarar ya kira garin birnin jini, kuma da wannan hoto aka sayar wa mutanen Ingila yaƙin. Sai dai wasiƙar Phillips tana nan, kuma da zarar an ci garin aka buɗe dazuzzukansa ga masu tatsar roba.

Sojojin sun ƙona gidajen wasu manyan hakimai da na uwar sarki da gangan. Ranar 21 ga wata wata gobara ta cinye fada da babban ɓangaren gari, Turawan suka ce tsautsayi ne. Akwai hotunan da suka ɗauka da kansu: hafsoshi zaune a filin fada da hulunansu na hana-salla, gabansu haurun giwa masu sassaƙa an jera a ƙasa, allunan tagulla an tsibe kamar kayan gwanjo. Cikin abin da aka kwasa har da wasu damisoshi biyu na hauren giwa masu ɗigon jan ƙarfe a jiki, waɗanda Rawson ya aika wa Sarauniya Victoria.

A waɗannan makonni ne kuma rundunar kamfanin George Goldie ta ci Bida a ƙarshen Janairu, ta ci Ilorin a tsakiyar Fabrairu. Shekara shida bayan nan Kano da Sakkwato suka faɗi.

Su wane ne "Hausawan" da suka shige gaba?

Wannan ɓangare ne da ba a cika faɗa mana ba, kuma ya shafe mu. A rahotannin yaƙin, sojojin da ke kan gaba a hanyar Ologbo, su sama da 200, Hausawa ake kiransu. Sojojin gwamnatin yankin gaɓar Neja ne, ƙarƙashin hafsoshi Turawa. Asalin abin ya koma 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya ɗauki mutum 18 'yan Arewa a Legas ya kafa 'yar rundunar da Sojan Najeriya ke ƙirga tarihinsa daga gare ta. Da yawa cikin irin waɗannan sojoji bayi ne da suka gudo ko aka 'yanta, kuma ba dukansu Hausawa ne na jini ba, harshen ne ya haɗa su. Su ne ke fara haɗuwa da harsashin da ke fitowa daga kurmi. Sunayen hafsoshinsu suna cikin littattafai, nasu kuwa ba kasafai ake ambata ba. Duk Bahaushen da zai ce maganar Benin ba tasa ba ce, ya kamata ya san wannan.

Ganima ce ko sata?

Masu cewa a bar kayan inda suke suna da hujjoji uku da suke yawan kawowa. Suna cewa a 1897 kwasar ganima ba ta saɓa wa wata yarjejeniya da ta ɗaure Birtaniya ba, don ta Hague da ta haramta wawashe dukiya a 1899 aka yi ta, ta UNESCO ta 1970 kuma ba ta komawa baya. Suna cewa a Landan da Berlin miliyoyin mutane na ganinsu. Suna kuma tuna wa Najeriya sace-sacen da aka sha yi a gidajen tarihinta.

Ɗaya ɓangaren na cewa waɗannan ba kayan ado ba ne kawai. Kawunan tagulla a wuraren tunawa da sarakunan da suka shuɗe ake ajiye su, allunan kuma su ne kundin tarihin fada. An ɗauke su da bakin bindiga, wasu gwamnati ta sayar, da yawa hafsoshi suka kai gidajensu suka yi ta sayarwa su da magadansu. Wani kundin intanet da aka buɗe a 2022 ya lissafa guda 5,246 a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. Gidan Tarihin Birtaniya kaɗai yana riƙe da kimanin 900, kuma yana fakewa da dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da kayansa. A 1977, da Najeriya ta zaɓi fuskar hauren giwa ta uwar sarki Idia ta zama tambarin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, ko aro ba a samu ba.

Akwai murya ta uku daga wasu jikokin bayi a Amurka. Suna cewa ƙarfen da aka narka aka yi wasu kayan mundaye ne da Turawa suka biya kuɗin bayi da su, saboda haka su ma suna da haƙƙi. Binciken kimiyya da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa da yawa cikin wannan ƙarfe daga yankin kogin Rhine na Jamus ya fito.

A ganina hujjar doka ba ta da ƙarfin da ake ba ta. Wanda ya rubuta tun a Nuwamba cewa dukiyar gidan sarki za ta biya kuɗin tuɓe sarki ya riga ya faɗi abin da ya je nema.

Ina ruwan talaka?

Da farko akwai maganar hannun wa kayan za su shiga. A Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da sanarwar da ta ce Oba ne mai su, bayan an daɗe ana ja-in-ja tsakanin fadar Oba Ewuare na II, gwamnatin Edo da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Abin da ɗan makaranta a Benin ko Gusau ke buƙata shi ne wurin da zai shiga ya gan su da kuɗi kaɗan, ba sai ya nemi bizar Ingila ba. In an dawo da su aka kulle a ɗaki, shi dai bai samu komai ba. Maƙeran titin Igun a Benin, waɗanda har yau suke zuba tagulla irin ta kakanninsu, su ma suna buƙatar ganin aikin da idonsu.

Sannan abin da aka yanke kan Benin zai zama ma'auni ga wasu. A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan suka kai wa Asantehene, sarkin Asante na ƙasar Gana, kayan zinariya da azurfa 32 a Kumasi, amma a matsayin aro. Mu kuma a Arewa matsalar ba ta tsaya a 1897 ba. Gumakan yumɓu na Nok da makamantansu na yankin Katsina da Sakkwato suna cikin jerin kayan da hukumar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kansu, saboda ana haƙo su a ɓoye ana fitarwa, galibi mai haƙar ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba.

Inda kowa ya ƙare

Oba Ovonramwen ya miƙa wuya a Agusta 1897, aka kai shi Kalaba. Ologbosere ya ci gaba da yaƙin sunƙuru har 1899, aka kama shi aka rataye. Khalid bin Barghash ya faɗa hannun Ingilishi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka kai shi tsibiran St Helena da Seychelles, ya rasu a Mombasa a 1927.

Rawson kuwa an ba shi sarautar Sir a 1897. A 1898 aka ɗaga shi zuwa Bayis Admiral aka danƙa masa rundunar da ke tsaron mashigin Ingila, ya zama cikakken Admiral a 1903. Daga 1902 zuwa 1909 shi ne Gwamnan New South Wales a Ostareliya, inda mutane suka so shi, har yau akwai wuri mai sunansa a tsakiyar Sydney. Ya mutu a Landan ranar 3 ga Nuwamba 1910 bayan tiyatar afendiks, saura kwana biyu ya cika 67. Ovonramwen ya rayu bayansa, ya rasu a Kalaba a Janairu 1914, watan da aka haɗe Kudu da Arewa, a shekarar ne kuma aka bar ɗansa Eweka na II ya hau gadon Benin. Damisoshin nan biyu har yanzu suna cikin dukiyar gidan sarautar Ingila, an ba Gidan Tarihin Birtaniya aronsu tun 1924.